Spring Boot da sharuɗɗansa: abin da na gani bayan shekara shida ina aiki da shi

Tun 2019 nake rubuta manhaja da Spring Boot, kayan aikin da aka ɗora a kan Spring don sauƙaƙa gina manhaja da harshen Java. Na faro daga 2.1, yanzu ina kan 3.5. Ayyukana ba manya ba ne: makaranta ɗaya, shagunan magani biyu, sai ƙungiyar adashi ta 'yan kasuwa a nan Kaduna, wadda ita ce ta fi cin lokacina. Ba zan yi bitar Spring Boot gaba ɗayansa ba, wannan aikin littafi ne. Abu ɗaya zan ɗauka, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan kayan, kuma shi ne ya taɓa hana ni barci: yadda yake yanke hukuncin sashen da zai kunna da wanda zai bari a lokacin da manhaja ke tashi.

Ga wanda bai saba ba, ga yadda abin yake. Kana da kilas, wato yanki guda na kod ɗin manhaja, mai karɓar zubi. Yana buƙatar wani mai aika saƙon waya, da wani mai ajiye bayanai. Ba shi zai ƙera su da kansa ba. Zai dai ce ina buƙatar kaza da kaza, Spring ya ƙera ya miƙo masa. Duk abin da Spring ya ƙera ya riƙe yana rabawa, bean suke ce masa, wake ke nan da Hausa, kuma haka zan riƙa kiransa. Sharaɗi kuwa alama ce da kake ɗorawa a kan waken, kana cewa kada a yi wannan sai in abu kaza ya tabbata. An fara da @Profile, wadda ke kunna wake bisa yanayin da aka zaɓa wa manhaja, kamar na gwaji ko na aiki, a Spring 3.1 cikin 2011. A Disambar 2013 Spring 4.0 ya zo da @Conditional, wanda ya buɗe ƙofa kowa ya rubuta nasa sharaɗin, har @Profile ɗin ma aka sake gina shi a kansa. Wata huɗu bayan nan, a Afrilun 2014, Spring Boot 1.0 ya fito, kuma kusan duk abin da mutane ke yabawa a cikinsa a kan wannan alama ɗaya yake tsaye.

Yabon kuwa ya cancanta, ba zan rage masa komai ba. Ka saka laburaren PostgreSQL, wato shiryayyen kod na magana da wannan rumbun bayanai, ka rubuta adireshin rumbun bayanai da kalmar sirri a application.properties, shi ke nan, ya haɗa maka hanya zuwa rumbun ta HikariCP, mai kula da irin waɗannan hanyoyin, ba tare da ka rubuta layi ɗaya ba. Ka cire shi ka saka H2, ya tayar maka da rumbu na wucin gadi a cikin ƙwaƙwalwa. Ka rubuta ObjectMapper naka, wato mai juya bayanai zuwa rubutun da manhaja ke fitarwa, saboda kana son kwanan wata ya fito yadda kake so, nasa ya janye ba gardama. Wannan janyewar ita ce ta fara burge ni. Ba sai ka nemi izini ba, ba sai ka kashe wani abu ba. Ka kawo naka, ya ajiye nasa. Alamar da ke yin wannan sunanta @ConditionalOnMissingBean, ma'ana a yi wannan waken in babu irinsa. Da na gane ta, sai na ɗauke ta na kai cikin nawa aikin. A nan na yi tuntuɓe.

Manhajar adashin tana aika wa kowane ɗan ƙungiya saƙo da zarar an karɓi zubinsa. Ina da masu aika saƙo biyu: na gaske, wanda ke bi ta kamfanin da muke sayen saƙonni a wurinsa, da na gwaji, wanda ba ya aika komai, sai dai ya rubuta saƙon a log, wato kundin da manhaja ke rubuta abin da ta yi, don kada in ƙona kuɗin mutane ina gwaji. Na gasken yana cikin kilas mai suna AikaSakoConfig, na gwajin yana cikin GwajiConfig, na ɗora masa @ConditionalOnMissingBean. Tunanina shi ne, in na gasken yana nan, na gwajin ya koma gefe. Haka kuwa ya yi, sama da shekara, ba a taɓa jin kanmu ba.

Wata Juma'a da daddare na zauna ina gyare-gyaren sunaye, na mayar da AikaSakoConfig ya koma SakonniConfig don ya yi daidai da sauran. Gwaje-gwaje duk suka wuce. Na ɗora a saba, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta, manhaja ta tashi lafiya lau, na kwanta.

Ranar Litinin bayan la'asar ma'ajin ƙungiya ya kira ni.

"Injiniya, lafiya kuwa? Tun Asabar mutane ke sintiri a shagona. Sun yi zubi, alat bai shigo ba."

Na ce, "Alhaji, kuɗin sun shiga, ga su nan ina kallo."

Ya ce, "Ai ni na karɓa, na san sun shiga. Amma Hajiyar nan mai daddawa ba ta san wannan ba. Saƙon take jira jikanta ya karanta mata. Yau sau biyu tana zuwa."

Farko na zargi kamfanin saƙo. Na shiga asusunmu, sai na ga kuɗin da ke ciki ko kwabo bai ragu ba tun daren Juma'a. Wato ba a ma tura musu komai ba. Na buɗe log, ga su nan a jere, saƙonni sama da ɗari, kowanne da sunan mai shi da adadin zubinsa, kowanne an fara shi da kalmomin da ni na rubuta da hannuna: SAKON GWAJI. Kwana uku na gwajin ne ke aiki a kan kuɗin mutane na gaske. A harkar adashi amana ce jari, kuma saƙon nan shi ne rasit ɗin wanda ba ya iya zuwa duba littafi. Abin ya dame ni ƙwarai.

Sai da na kwana a kan kod ɗin Spring kansa kafin na fahimci abin da ya faru, kuma wannan fahimtar ce nake so in bar wa mai karatu, don ita ce ba a cika bayyanawa ba a darussan da ke yawo a intanet.

Spring ba ya tsayawa ya ga komai sannan ya yi hukunci. Zagaye biyu yake yi. A na farko, wanda suke kira PARSE_CONFIGURATION, yana karanta kilas-kilas ɗin saiti, waɗanda ke faɗin waken da za a ƙera irin Config ɗina biyun nan, yana tara su. Sharuɗɗan da ba su da ruwa da wake, irin su laburare kaza yana nan ko saiti kaza an kunna shi, in a kan kilas suke, tun a nan ake tambayarsu, wanda ya faɗi a tsallake shi da duk abin da ke cikinsa. A zagaye na biyu, REGISTER_BEAN, yana bin kilas-kilas ɗin ɗaya bayan ɗaya yana shigar da sunayen wakensu a rajista. A nan ake tambayar @ConditionalOnMissingBean da ɗan'uwansa @ConditionalOnBean. Kuma abin da suke dubawa shi ne rajistar kamar yadda take a wannan daƙiƙar, ba yadda za ta kasance in an gama ba. Kamar ɗan kamasho ne a tasha ya leƙa mota ya ga kujerar gaba ba kowa, ya sa fasinja, alhali mai kujerar yana can bakin ƙofa yana sayen ruwa. Bai yi ƙarya ba, lokacin da ya duba babu kowa. Kuma ba zai sake dubawa ba.

A wajena, jerin da ake bin kilas-kilas ɗin ya zamana yana bin haruffa. Da, A na gaban G: na gasken ya riga shiga rajista, na gwajin ya duba ya gan shi, ya janye. Da na canza suna, G ta koma gaban S: na gwajin ya duba bai ga kowa ba, ya shiga, sannan na gasken ya biyo baya shi ma ya shiga, don shi ba sharaɗi a kansa. Wake biyu ke nan iri ɗaya. A al'ada, a nan manhaja kan ƙi tashi, ta ce ana buƙatar ɗaya amma an sami biyu, kuma da haka ta faru da tun daren Juma'a na gyara. Sai dai akwai wata ƙa'ida a ƙasa: in an sami biyu kuma ba wanda aka fifita, Spring yakan duba sunan da mai buƙatar ya ba abin, in ya yi daidai da sunan ɗaya daga cikin waken, sai ya ba shi wannan. Kilas ɗina mai karɓar zubi ya kira abin maiAikaSako. Waken gwajin ma sunansa maiAikaSako. Ƙa'idoji biyu, kowacce mai ma'ana in ita kaɗai ce, suka haɗu suka yi shiru a kaina.

Gaskiya ɗaya ce, an rubuta gargaɗin. A bayanin alamar kanta an ce sharaɗin ba ya ganin komai sai abin da aka riga aka shigar, don haka ana ba da shawara mai ƙarfi kada a yi amfani da shi sai a kilas-kilas na saitin kai-tsaye, wato auto-configuration, saitin da Spring Boot ke shigowa da shi da kansa. Ni ne ban karanta ba. Dalilin shawarar kuwa shi ne, saitin kai-tsaye na Spring Boot ana jinkirta shi da gangan. Abin da ke shigo da shi, AutoConfigurationImportSelector, irin wanda ake ajiyewa ne sai an gama da duk kilas-kilas ɗinka. Saboda haka in nasu ya leƙa rajista, naka duk sun riga sun zauna. Janyewar da ta burge ni ba wayon alamar ba ne, tsarin layi ne. Ka fitar da alamar daga wannan layin, ta koma sa'a.

Akwai abin da ke ƙara ruɗa mutane. In waken naka na gaske @Component ko @Service ka ɗora masa, alamomin da ke mayar da kilas wake ba sai ta kilas ɗin saiti ba, tun a zagayen farko ake shigar da shi, lokacin da ake binciko kilas-kilas, don haka sharaɗin da ke kan @Bean, alamar waken da aka rubuta cikin kilas ɗin saiti, zai gan shi ko yaushe. Shi ya sa za ka ji wani yana rantsuwa shi dai shekara da shekaru yana yi bai taɓa ganin matsala ba. Gaskiya yake faɗa. Ranar da ya mayar da waken cikin kilas ɗin saiti ne zai gani.

Inda nake ganin kayan ya gaza shi ne, abin da aka san haɗari ne har aka rubuta gargaɗi a kansa, ya kamata manhaja ta faɗe shi da bakinta lokacin tashi, ko da layi ɗaya ne a log. Mai koyo ba bayanin alama yake karantawa ba, misalin da ya gani yake kwafa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya cece ni, wanda kuma shi kaɗai ya isa in ci gaba da zama da Spring Boot. Ka tayar da manhaja da --debug, zai zubo maka rahoto mai taken CONDITIONS EVALUATION REPORT. Kashi huɗu ne: waɗanda sharaɗinsu ya cika, waɗanda bai cika ba, waɗanda ka cire da kanka, da waɗanda ba sharaɗi a kansu. Kowane layi da dalilinsa. A daren nan na nemo GwajiConfig#maiAikaSako, na gan shi cikin waɗanda suka cika, a ƙarƙashinsa an rubuta did not find any beans, wato bai ga wake ko ɗaya ba. Wannan layin ne ya juya min tunani daga tambayar me ya sa ba ya aikawa zuwa tambayar yaushe ya duba. In ka saka Actuator, ɓangaren Spring Boot na sa ido kan manhaja, ka buɗe /actuator/conditions, za ka sami bayanin nan a kan manhajar da ke gudana ba sai ka sake tayar da ita ba. Ban san wani kayan aiki da ke bayyana hukuncinsa dalla-dalla haka ba cikin waɗanda na taɓa riƙewa.

Shi ma rahoton yana da nasa aibin. Dogo ne sosai, ɗaruruwan layuka, mafi yawansu a kan abubuwan da ba ka taɓa saka wa a aikinka ba. Kuma an jera shi bisa haruffa ne, ba bisa jerin da aka yi tambayoyin ba, alhali jerin shi ne ainihin abin da mai irin matsalata ke nema. Sannan in ka rubuta naka sharaɗin kai-tsaye a kan Condition, ba zai fito a rahoton ba. Sai ka gina shi a kan SpringBootCondition, don a can ake rubuta sakamakon. Wannan na koye shi ne bayan na yi rabin awa ina neman sharaɗina a rahoto.

Gyaran da na yi a daren mai sauƙi ne. Na cire alamar gaba ɗaya, na koma @ConditionalOnProperty. Akwai saiti ɗaya, sako.hanya: in an rubuta gaske, na gasken ya shiga; in an rubuta gwaji, na gwajin. In ba a rubuta komai ba, babu wanda zai shiga, manhaja ta ƙi tashi. Da gangan na bar shi haka, ban saka matchIfMissing ba, wanda ke sa sharaɗin ya cika ko ba a rubuta saitin ba. Gara ta ƙi tashi a gabana da ta tashi tana yi wa mutane shiru. Daga baya Spring 6.2, wanda ya zo tare da Boot 3.4 a Nuwambar 2024, ya kawo @Fallback. Ita ba ta hana waken shiga rajista. Sai lokacin rabawa ne ake cewa in akwai wani, a ba da wancan. Tunda a lokacin kowa ya riga ya shiga, maganar wa ya riga wa ba ta taso ba. Ita ce abin da nake nema tun farko ban sani ba, kuma ina amfani da ita a wasu wurare. Amma a kan saƙon kuɗi na bar saitin da ake rubutawa a fili.

@ConditionalOnProperty ma akwai inda take cizo. In ba ka faɗi ƙimar da kake so ba, duk abin da aka rubuta ya wadatar muddin ba false ba ne. Ka rubuta no, ka rubuta 0, ka rubuta off, ka bar wurin fanko bayan alamar daidai, duk a wurinta an kunna. Boot 3.5 ya kawo @ConditionalOnBooleanProperty don irin wannan, kuma na ji daɗin zuwanta. Kada kuma a manta sau ɗaya ake tambaya. Ka canza saiti manhaja na gudana, ba wanda zai sake dubawa sai an sake tayar da ita. Haka nan a lokacin tambayar ba a ƙera wake ko ɗaya ba tukuna, sunaye da nau'i kawai ake da su, don haka sharaɗi ba zai iya zuwa ya tambayi rumbun bayanai ba. Saboda wannan dalilin ne ma nau'in da ka rubuta a gaban metod ɗin @Bean yake da muhimmanci: in ka rubuta intafes kawai, wato nau'in gama-gari da kilas ɗin ke bi, sharaɗin da ke neman ainihin kilas ɗin ba zai gane shi ba.

@ConditionalOnClass kuwa, mai duba ko kilas kaza na wani laburare yana nan, a kan kilas tana aiki lami lafiya ko laburaren ba ya nan, domin Spring da wani kayan karatu mai suna ASM yake karanta alamomin ba tare da ya loda kilas ɗin ba. A kan metod ne take iya fashewa, in nau'in da metod ɗin ke dawo da shi yana cikin laburaren da babu. Maganin shi ne a ware shi a ƙaramin kilas na ciki. Sai kuma haɗa sharuɗɗa: in ka jera biyu, dole duka su cika. In kana son ko wannan ko wancan, sai ka rubuta kilas guda a kan AnyNestedCondition, da ƙananan kilas biyu a cikinsa, saboda kalmar "ko" kaɗai. Wannan ya yi yawa, musamman ganin @Profile tun Spring 5.1 tana karɓar irin wannan haɗin a layi ɗaya.

Abin da ya kamata a yaba da babbar murya, amma ba a cika ambata ba, shi ne ApplicationContextRunner, wanda ya zo da Boot 2.0 a 2018. Yana ba ka damar tayar da ɗan ƙaramin yanki na saitinka a cikin gwaji, ka ce ga wannan saiti, ga wancan wake, ka tambaya wa ya shiga. Da FilteredClassLoader har kana iya ɓoye laburare ka ga abin da zai faru in babu shi. Ba ya ɗaukar lokaci. Bayan abin da ya faru na rubuta guda uku a kan mai aika saƙo: gaske, gwaji, da babu komai. Da ina da su tun farko, da na Juma'ar nan bai kai saba ba.

Masu haɗa laburaren kansu, kamar yadda na yi da ɗan kod ɗin da ayyukana uku ke rabawa, su lura da abu biyu. Tun Boot 2.7 a Mayun 2022 wurin rajistar saitin kai-tsaye ya koma fayil mai suna org.springframework.boot.autoconfigure.AutoConfiguration.imports a cikin META-INF/spring, kuma daga 3.0 an daina duba tsohon wurin na spring.factories don wannan aikin. Sannan su ma saitunan kai-tsaye suna da layi a tsakaninsu: haruffa da farko, sai lambar @AutoConfigureOrder, sai abin da ka faɗa na wa ke gaba wa ke baya. In naka ya dogara da waken wani, faɗa a fili da after, kada ka bar wa haruffa.

Abu na ƙarshe ya shafi masu ƙaramar saba irina. Boot 3.0, a Nuwambar 2022, ya kawo damar harhaɗa manhaja da GraalVM, mai mayar da ita fayil guda da ke gudana da kansa, ta tashi nan take kuma ta ci ƙwaƙwalwa kaɗan. Na gwada don sabar adashin gigabait ɗaya gare ta. A wannan hanyar ana tambayar sharuɗɗan ne tun lokacin harhaɗawa, amsar kuma ta daskare a cikin fayil ɗin. Wato sako.hanya da na dogara da shi, abin da aka rubuta ranar harhaɗawa shi ne zai zauna, ko me na rubuta a saba daga baya. An bayyana wannan a takardunsu, amma alamar ɗaya ce, kamanninta ɗaya, ma'anarta ce ta canza. A nan Quarkus, wani takwaran Spring Boot, ya fi fitowa fili, don sunan alamarsa ma @IfBuildProperty ne, kana gani ka san lokacin gini ake nufi. Na fasa, na zauna a kan JVM, injin da ya saba gudanar da Java, na rage mata ƙwaƙwalwa.

Wa zan ba shawarar ya ɗauka? Duk mai rubuta Java da ke son ya gama aiki. Kyauta ne, lasisin Apache 2.0, kod ɗinsa a buɗe yake, kuma ConditionEvaluator, kilas ɗin da ke yin duk tambayoyin nan, gajere ne, za ka karance shi a zama ɗaya. In tauraro biyar ake bayarwa, huɗu zan ba wannan ɓangaren. Ɗayan na riƙe shi ne saboda shirun da yake yi in aka ɗora @ConditionalOnMissingBean a inda bai dace ba, da kuma rahoton da ba ya nuna jeri.

Saƙonnin kwana ukun nan na ciro su daga log na sake tura su a daren Litinin ɗin, kowanne da ban-haƙuri a ƙarshensa. Tun daga nan, duk lokacin da na ɗora sabon aiki a saba, nakan buɗe /actuator/conditions in nemo SakonniConfig, sannan in yi zubin naira ɗari a asusun gwaji mai lambar wayata, in zauna sai wayar ta yi ƙara.